Madubin Rauta: Kutse Ne, Ko Taga Ce Da Kamfani Ya Buɗe Da Hannunsa?

Shin mutumin da ba ma'aikacin kamfanin sadarwa ba ne yana iya buɗe wani shafi a wayarsa, ya rubuta 'yan lambobi, babbar rautar kamfanin, wato na'urar da ke zaɓa wa saƙonnin intanet hanya, ta amsa masa tambaya, kuma a ce bai taka doka ba? Tambayar ta taso mana ne a nan Jidda bayan ranar 6 ga Satumba, 2025, lokacin da wayoyin intanet biyu na ƙarƙashin Bahar Maliya, SMW4 da IMEWE, suka samu matsala a kusa da gaɓar wannan birni. Intanet ta yi nauyi a Indiya da Pakistan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, har kamfanin Microsoft ya sanar da masu amfani da Azure, wato kwamfutocinsa da ake haya ta intanet, cewa za su ga jinkiri a saƙonnin da ke ratsa Gabas ta Tsakiya.

A cikin waɗannan kwanaki ne wani ɗalibi ya jefa hoto a zauren WhatsApp na 'yan uwa Hausawa da nake ciki, hoton layukan lambobi da taurari, yana cewa ya tambayi rautar wani kamfani da ke Turai ta nuna masa inda hanya ta karkace. Kafin la'asar wani dattijo da ya daɗe a Shara Mansur a Makka ya kira ni, domin ya san aikin haɗa shabaka, wato hanyar sadarwa tsakanin kwamfutoci, nake yi, ya ce in ja wa yaron kunne kada ya jawo wa kansa abin da zai taɓa igamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar. Wasu kuma suka ɗauki hoton suna yaɗawa a matsayin shaidar cewa da gangan ake toshe layin Najeriya. Duka biyun ba haka abin yake ba, sai dai tsoron dattijon yana da tushe fiye da yadda matasa suka ɗauka, kuma tushen yana cikin yadda ake saita wannan shafi, wanda injiniyoyi ke kira Looking Glass, ni kuma zan riƙa ce masa madubi.

Rauta, da yadda saƙo ke tafiya zango zango

'Yar na'urar da ke rataye a bangon shago ko falo tana rarraba intanet ita ma rauta ce, amma hanya ɗaya tak ta sani: duk abin da ba na cikin gida ba ne sai ta miƙa wa kamfanin da ake biya. Rautar da ake magana a kanta a nan ita ce wadda ke zaune a bakin iyakar kamfani, inda wayoyinsa ke haɗuwa da na wasu kamfanoni. Tana riƙe da jadawalin hanyoyi kusan miliyan ɗaya na tsohon tsarin adireshin intanet (IPv4) kaɗai, ban da na sabon tsari (IPv6), kuma kowane ƙunshin saƙo da ya iso sai ta duba wannan jadawali kafin ta yanke shawarar maƙwabciyar da za ta miƙa wa.

Kakanninmu da suka zo ƙasar nan a ƙafa, ta Borno da Wadai da Darfur da Kordofan har Sawakin, sannan suka tsallako teku zuwa Jidda, babu wanda ya baro Kano da taswirar hanyar gaba ɗaya a hannunsa. Zango zango ake yi. Mutanen kowane zango sun san zangon da ke gaba, sun kuma ji labarin hanyoyin da ke buɗe a bana da waɗanda suka mutu. Haka ƙunshin saƙo yake tafiya, kowace rauta zango ce, kuma abin da take yankewa shi ne zango na gaba kawai.

Intanet tarin shabakoki ce masu cin gashin kansu, fiye da 70,000, kowace da lambarta da ke farawa da haruffan AS. Ta Google ita ce AS15169, ta Facebook kuma AS32934. Kamfanonin Saudiyya suna karɓar lambobinsu daga RIPE NCC da ke Amsterdam, na Najeriya da Nijar da Sudan kuma daga AFRINIC da ke tsibirin Mauritius. Harshen da waɗannan shabakoki ke amfani da shi su ba juna labarin hanya shi ne BGP, wanda aka fara rubuta ƙa'idarsa a 1989, kuma fitowarsa ta huɗu ce ake aiki da ita har yau, bisa takardar RFC 4271 ta shekarar 2006. Shabaka takan yi shela ta ce adireshi kaza zuwa kaza a wurina suke, maƙwabciyarta ta ji, ta ɗora lambarta a kan shelar, ta isar wa ta gaba. Kafin shelar ta zagaye duniya ta tara jerin lambobi kamar isnadi, kuma wannan jeri shi ke nuna ta hannun su wa da wa saƙo zai bi. Abin lura shi ne, a asalin gininsa BGP ba ya neman shaida, ana karɓar shela ne bisa amana.

To mene ne madubin?

Babu rautar da ke ganin intanet gaba ɗaya, kowace daga inda take tsaye take hangenta. Mai zaune a Jidda yana iya gwada hanyar da saƙonsa ke bi zuwa Legas, amma ba ya ganin hanyar da amsa ke biyowa ta dawo masa, kuma sau da yawa hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne. Idan matsalar a hanyar dawowa take, zai kwana yana gwaji daga ɗakinsa bai gano komai ba. Abin da yake buƙata shi ne ya tsaya a ɗaya ɓangaren ya hango gidansa daga can, wannan kuwa shi ne aikin madubi: shafi ne da kamfani ya kafa da kansa domin baƙo ya aika tambayoyi ƙayyadaddu ga rautocinsa, ya ga amsa, ba tare da ya iya canja ko da harafi ɗaya ba.

Tambayoyin da aka saba bari uku ne. Akwai ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983, mai aika ɗan saƙo ya auna lokacin zuwa da dawowa. Akwai traceroute na Van Jacobson, na shekarar 1987, mai lissafo zangunan da saƙo ya ratsa ɗaya bayan ɗaya. Sai tambayar jadawalin BGP, inda rauta ke faɗin shelar da ta ji game da wani adireshi, daga bakin wa ta ji, da wadda ta zaɓa idan shelar ta zo ta hanyoyi da yawa. Manyan kamfanonin da ke ɗaukar saƙon wasu, irin su Hurricane Electric mai lamba AS6939, suna da madubi a buɗe ga kowa, kuma kamfanoni da dama sukan rubuta adireshin madubinsu a kundin PeeringDB domin takwarorinsu su same shi cikin sauƙi. Shirin RouteViews na Jami'ar Oregon da shirin RIS na RIPE NCC kuwa tattara shelar BGP suke yi daga wurare masu yawa suna adanawa, ta yadda za a iya komawa a ga abin da ya faru jiya ko shekaru goma da suka wuce.

Irin abin da ake ganowa da shi

Ranar 24 ga Fabrairu, 2008, kamfanin Pakistan Telecom ya so ya toshe YouTube a cikin ƙasarsa, sai ya yi shelar wani yanki na adireshin YouTube a matsayin nasa. YouTube na shelar tarin adireshi 1,024 a dunƙule, Pakistan kuwa ta yi shelar 256 daga ciki, kuma ƙa'idar rauta ita ce ta fifita shelar da ta fi ƙayyadewa. Shelar ta kuɓuce ta hannun kamfanin PCCW na Hong Kong, duniya ta karɓa, YouTube ya ɓace wa mutane na kimanin sa'o'i biyu. Duk wanda ya leƙa madubi a lokacin ya ga lambar Pakistan a ƙarshen jerin, inda ya kamata a ga ta YouTube.

Mu ma abin ya taɓa faruwa a ƙofarmu. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa hanyoyin Google suka zube zuwa China Telecom, saƙonnin mutane suka riƙa zagayawa ta Rasha da Sin na tsawon minti 74, kamfanin kuma ya fito ya amsa cewa kuskure ne. Sannan ranar 4 ga Oktoba, 2021, jim kaɗan bayan magariba a agogon Makka, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan sa'o'i shida. Mutane da yawa a nan sun yi ta kashe waya suna kunnawa, suna zargin layinsu, alhali shelar hanyoyin da ke kai wa ga sabobin sunayen Facebook, wato kwamfutocin da ke faɗa wa waya adireshin Facebook, ita ce aka janye daga jadawalin duniya.

Yankewar waya a teku kuwa wata kama ce daban. Galibi shela ba ta ɓacewa, sai dai jerin lambobin ya canja, lokacin tafiya kuma ya ƙaru, domin saƙo ya koma zagaye. Haka aka gani a Fabrairun 2024 da wayoyin Seacom da EIG da AAE-1 suka lalace a Bahar Maliya, da kuma ranar 14 ga Maris, 2024, da WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka yanke a gaɓar Kodebuwa, har bankuna a Najeriya suka kasa aiki yadda ya kamata. Masu dangi a Gadarif da Kassala da Mai Wurno sun san kama ta uku, wato rufe intanet da gangan, kamar yadda aka yi a Sudan a Yunin 2019 na fiye da wata guda, da kuma bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba, 2021. Ita wannan wani lokaci takan bayyana a jadawali, wani lokaci kuma a kashe intanet ɗin wayar hannu a bar shelar tana nan daram, don haka ganin hanya a madubi ba ya nufin mutanen gari suna samun sabis.

Saita madubi: a nan gizo ke saƙa

Madubi abubuwa huɗu ne a haɗe: saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, manhajar da ke karɓar tambayar baƙo, fayil ɗin saiti da ke lissafa rautocin da yadda za a shige su, sai asusun da aka buɗe wa manhajar a kan kowace rauta. Baƙo ya zaɓi rauta da tambaya ya rubuta adireshi, manhaja ta haɗa umarnin, ta shiga rautar da sunan asusunta, ta karɓo amsa ta nuna masa. Ma'ana dai, kamfani ya ajiye ɗan aike a bakin ƙofa, ya ba shi mabuɗin ɗaki mafi tsada a gidan, ya ce ya riƙa shiga yana dubo wa duk mai wucewa abin da ya tambaya. Duk wani batun tsaro a nan yana komawa ga tambayoyi biyu: wane irin mabuɗi aka ba ɗan aiken, kuma yana tace abin da ake aikensa ko kuwa duk abin da aka faɗa masa yake maimaitawa a ciki?

Manhajojin kyauta ne galibi. Akwai tsofaffi irin su MRLG da madubin Cougar, wanda aka rubuta da harshen Perl, fayil ɗin saitinsa kuma lg.conf. Akwai na baya-bayan nan irin su hyperglass, da aka rubuta da Python, wanda ake saita shi da fayilolin YAML, da Alice-LG da cibiyoyin musayar intanet ke amfani da shi. A galibinsu, a cikin fayil ɗin saiti ake rubuta sunan rauta kamar yadda baƙo zai gani, da adireshinta, da nau'inta, domin lafazin umarnin Cisco ba irin na Juniper ba ne, na MikroTik ma daban yake, sannan a rubuta sunan asusu da kalmar sirri ko mabuɗin shiga.

Wannan fayil shi ne wuri na farko da ake tafka asara. A 2014 masu bincike daga cibiyar EURECOM ta Faransa suka bi madubai masu yawa da ke buɗe a duniya, suka tarar da wasu an ajiye fayil ɗin saitinsu a cikin babban fayil ɗin da saba ke nuna wa jama'a, ta yadda duk wanda ya rubuta sunansa a burauza zai sauke shi, da sunayen asusu da kalmomin sirri a fili. Sun kuma tarar da manhajojin da ake iya cusa musu ƙarin umarni. Maganin na farkon ba ya cin ko riyal ɗaya: a ajiye fayil ɗin a wajen inda saba ke nunawa, a hana kowane asusu karanta shi sai na manhajar, sannan wanda ya kafa madubin ya gwada sauke shi daga wayarsa kamar baƙo kafin ya sanar da kowa adireshin.

Sai hanyar shiga. Tsofaffin saituna da yawa telnet suke amfani da shi, ta ƙofa mai lamba 23, shi kuwa telnet tsirara yake aika kalmar sirri, duk wanda ke tsakani zai iya karantawa. SSH, ta ƙofa ta 22, yana rufe zancen, kuma ya fi kyau a yi amfani da mabuɗi maimakon kalma. A kan rautar kanta a rubuta cewa wannan asusu ba ya shigowa sai daga adireshin sabar madubi kaɗai, domin ko mabuɗin ya faɗa hannun wani ya zama bai da ƙofar da zai sa shi.

Asusun shi ne zuciyar al'amarin, kuma a nan na fi ganin sakaci a wuraren da na yi aiki. Injiniya yana sauri, sai ya ba madubi asusun da shi kansa yake aiki da shi, da niyyar zai gyara daga baya, daga bayan kuma ba ta zuwa. A rautar Cisco matakan iko daga 0 zuwa 15 suke, na 15 shi ne mai iko da komai, madubi kuwa bai da abin yi a sama da matakin da zai ba shi damar tambayoyinsa uku. A Juniper ana ƙirƙira wa asusun aji na musamman, a lissafa umarnin da aka yarje masa, a haramta sauran. Masu MikroTik, waɗanda suke da yawa a ƙananan kamfanoni da otal-otal, su yi hattara da rukunin da ke zuwa da na'urar mai suna read, domin sunan yana yaudara: a cikin izinin da aka ba shi har da sake kunna rauta da ganin bayanan sirri. Sai an ƙirƙiri sabon rukuni an zare waɗannan. Dalilin wannan tsanani shi ne, manhaja aikin ɗan Adam ce, wata rana za a samu ɓaraka a cikinta, kuma a ranar abin da zai tsaya tsakanin ɓarawo da shabakar kamfani shi ne ƙarancin ikon asusun.

Tace abin da baƙo ya rubuta shi ne mataki na gaba. Gurbin da aka tanada don adireshi kada ya karɓi komai sai adireshi ingantacce. Idan manhaja tana ɗaukar rubutun baƙo ta manna shi a jikin umarni yadda ya zo, mai mugun nufi zai iya ƙara alamar sabon layi ya biyo da umarni na biyu, rauta kuma ta ɗauka daga ɗan aikenta ne. Haka nan a hana tambaya a kan adireshin cikin gida, irin waɗanda ke farawa da 10 ko 192.168, domin kada madubi ya zama fitilar da baƙo zai haska ɗakunan kamfani da ita.

Akwai kuma batun nauyi, wanda masu farawa ba su cika tunawa da shi ba. Rauta tana da ɓangare mai tura saƙonni da gudun gaske, tana kuma da ƙwaƙwalwa mai kula da BGP da amsa umarni, ita wannan ƙwaƙwalwar ba ta da ƙarfin da mutane ke zato. Tambaya ɗaya da ke sa ta bincike hanyoyi miliyan tana neman wani salon lambobi na iya riƙe ta na ɗan lokaci, idan kuwa aka turo irinta ɗari a jere, har zumuncinta da maƙwabta na iya yankewa. Shi ya sa ake ƙayyade yawan tambayar da adireshi ɗaya zai yi a minti, a sa wa kowane umarni wa'adin da za a katse shi, a kuma adana amsa na ɗan lokaci domin idan mutum goma suka yi tambaya iri ɗaya a je wa rauta sau ɗaya.  A riƙa kuma ajiye rajistar wanda ya tambayi me da kuma yaushe.

Ni a ganina hanya mafi aminci ga ƙaramin kamfani ita ce kada madubi ya taɓa rautar da ke ɗauke da saƙon abokan ciniki kwata-kwata. A kafa wata kwamfuta daban mai manhajar BIRD, wadda hukumar CZ.NIC ta Jamhuriyar Cek ke kula da ita, ko FRRouting, a haɗa ta da rautocin gaske ta BGP ta yadda za ta riƙa karɓar kwafin jadawali amma ba a karɓar komai daga gare ta, sai madubi ya riƙa tambayar wannan kwafi. Ko an fasa ta, kwafi aka fasa. Abin da aka rasa shi ne ping da traceroute ba daga ainihin rautar za su tashi ba, amma idan kwamfutar tana ɗaki ɗaya da ita bambancin kaɗan ne.

Taurarin da suka tayar da hankali

Mu koma kan hoton ɗalibin nan. Dabarar traceroute ita ce ya aika saƙo mai izinin zango ɗaya, rautar farko ta kashe shi ta aiko da sanarwa, sai ya aika mai izinin zango biyu, haka har ya isa. Tauraro yana fitowa ne idan wata rauta ba ta aiko da sanarwar ba, kuma rautoci da yawa an saita su ne kada su aiko, ko su aiko kaɗan, domin ba shi ne aikinsu na farko ba. Idan layin da ke bayan taurarin ya amsa, to saƙo ya wuce lafiya, babu wanda ya toshe shi. Haka idan lokaci ya yi tsalle a zango ɗaya sannan ya sauko a na gaba, wannan rautar ce ta yi jinkirin amsawa, hanya kuwa lafiyarta ƙalau. Jinkirin da ake damuwa da shi shi ne wanda ya fara a wani zango ya kuma bi duk sauran har ƙarshe.

Wani jinkirin ma na nisa ne kawai. Hasken da ke ɗauke da saƙo a cikin wayar gilashi, irin wadda ake shimfiɗawa a teku, yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 1,000 yana cin milisakan 10 zuwa da dawowa. Tsakanin Jidda da Kano a miƙe bai fi kilomita 3,400 da 'yan kai ba, amma saƙo ba ya bin hanyar jirgin alhazai. Sau da yawa arewa yake nufa ta Masar, ya tsallaka Bahar Rum zuwa Marseille ko Landan, ya gangaro ta tekun Atlantika zuwa Legas, sannan ya hau tudu zuwa Kano. Ganin sunan birnin Turai a tsakiyar jerin ba alamar leƙen asiri ba ce, can ne wayoyin suka haɗu, can ne kuma kamfanonin suka ƙulla yarjejeniyar musayar saƙo.

Masu cewa a buɗe da masu cewa a rufe

Masu adawa da buɗe madubi suna da hujja. Yana nuna wa abokin hamayya su wa kamfani ke sayen hanya a wurinsu, yana bayyana sunayen rautoci da garuruwan da suke, kuma ƙofa ce da aka ƙara a jikin gida, kowace ƙofa kuwa sai an yi gadinta. Masu goyon baya suna cewa mafi yawan wannan bayani tuni yana cikin kundin RouteViews da RIS, domin shelar BGP ba a ɓoye take ba, kuma idan matsala ta faru da tsakar dare, injiniyan wata ƙasa zai gano bakin zaren cikin minti biyar maimakon ya jira amsar wasiƙa har gobe. Ina tare da na biyun ga duk kamfanin da ke sayar wa wasu kamfanoni hanya. Amma otal ko makaranta ko ofishin da ke da layi ɗaya ko biyu bai da dalilin buɗe madubi ga duniya, ya kafa shi a ciki don ma'aikatansa ya wadatar. Wanda kuma ba zai iya sabunta manhajar yana duba rajistarta ba, rashin madubin ya fi masa alheri.

A ɓangaren doka, Saudiyya tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2007, wadda ta tanadi ɗauri da tara ga mai shiga na'ura ko shafin wani ba da izini ba. Amfani da madubi yadda mai shi ya tanada, wato zaɓar tambaya daga cikin waɗanda ya jera da rubuta adireshi, shiga ce da izini, don haka ɗalibin bai yi laifi ba. Amma wanda ya fara laluben fayil ɗin saiti, ko ya gwada cusa umarnin da ba a ba shi ba don ya ga ko zai wuce, ya tsallake iyaka ko da bai ɓata komai ba, kuma adireshinsa na cikin rajista. Tazarar da ke tsakanin abubuwan biyu layi ɗaya ne na rubutu, wannan ne ya sa na ce tsoron dattijon yana da tushe. Matasanmu masu koyon wannan sana'a su yi gwajinsu a kan na'urorinsu, ana iya kafa BIRD da madubi a tsohuwar kwamfuta ɗaya a ɗaki.

Abin da ya shafi mai shago da mai kiran gida

Mai aika kaya daga Bab Sharif zuwa Kantin Kwari, wanda cinikinsa ya dogara da hoto da saƙon murya, ba zai zauna karanta jadawalin BGP ba, kuma ba a buƙatar ya yi. Amfanin yana iso masa ne ta hannun wanda ke kula masa da shabaka. Idan kiran gida ya riƙa yankewa, ma'aikacin da ya san madubi zai gwada daga Jidda zuwa Legas, ya kuma shiga madubin wani kamfani mai rauta a Legas ko Landan ya gwada daga can zuwa Jidda. Idan jinkirin ya fara tun zangon farko ko na biyu, matsalar tana cikin shagon ko layin unguwa, kuma gyara ko sauya kamfani zai yi amfani. Idan kuwa ya fara ne bayan an fita ƙasar, jerin lambobin AS ma ya sauya daga yadda aka saba gani, to sayen sabuwar rauta ko sabon layi asarar kuɗi ce, domin gyaran wayar teku sai jirgin ruwa na musamman ya je wurin da izinin ƙasar da ruwan yake hannunta, abin da kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kamar yadda aka yi da wayoyin da suka lalace a Fabrairun 2024. A irin wannan hali abin da ma'aikacin zai yi shi ne ya ɗauki sakamakon gwajin ɓangarorin biyu, da ranar da sa'ar da ya yi su, ya haɗa da takardar ƙorafin da zai aika wa kamfanin da ke ba su layi, ya nemi a karkatar da saƙonsu ta wata hanyar idan kamfanin yana da ita.